Buhun Irin Ciyawa: Ƙwaya Nawa, Ƙaiƙayi Nawa?

Wanda ya saba da irin gero ko na dawa, ranar da ya fara tura hannu cikin buhun irin gamba sai ya ɗauka an cuce shi. Abin da zai damƙo ba shi da nauyi: farin gashi mai laushi kamar audugar rimi, da siraran tsinkaye a lanƙwashe, da guntayen ganye. In ya murza a tafin hannu ya hura, 'yan ƙwayoyi ne za su rage, sirara, launin ƙasa-ƙasa, tsawon kowacce bai wuce milimita 3 ba. Waɗannan su ne irin. Sauran duk sutura ce. Kuma akwai buhun da za ka murza dintsi guda, ka sake murza wani, ƙwayar da za ka gani ba ta cika yatsun hannu biyu ba.

Neman irin ciyawa ya ƙaru a 'yan shekarun nan. Burtali ya tsuke, makiyaya ta koma gona, fako yana ta cin ƙasa. A jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram ana haƙa ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwan sama, a watsa musu irin gamba da kyasuwa don a farfaɗo da ƙasa. A kewayen Kano da Zariya masu kiwon turke da masu shanun tatsa suna neman su shuka tasu ciyawar, tunda harawa da dusa sun yi tsada. Sau da yawa shukar ba ta fitowa, sai a ɗora wa fari laifi. Wani lokaci gaskiya ne. Amma da yawa daga filayen nan, ko da ruwa ya wadata ba abin da zai fito, domin abin da aka watsa ƙaiƙayi ne, ko ƙwayar da ta mutu tun a rumbu, ko wadda ba ta farka daga barcinta ba.

Abu na farko da ya kamata a warware shi ne kirarin da ake yi wa gamba na "ciyawa mai jure fari". Juriyar ta tushen da ya riga ya kafu ce. Gamba da ta shekara tana da saiwa kala uku: masu laushi da ke shimfiɗe kusa da saman ƙasa suna lashe ɗan yayyafi, da masu kauri kamar igiya da ke ajiye abinci, da masu nitsawa ƙasa can suna bin laima. Da su take ketare rani na wata 8 ko 9, ta yi toho tun kafin ruwan farko ya kankama. Tsiron da bai wuce mako biyu ba kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Guzurinsa shi ne ɗan garin da ke cikin ƙwayar nan ta milimita 3. Idan ƙwayar cikakkiya ce, saiwarsa za ta riga bushewar saman ƙasa nitsawa. Idan shafaffiya ce, rana biyar ta zafi ta ishe shi. Saboda haka a ƙasar da ruwa ke yin wasan ɓuya a farkon damina, ingancin iri ya fi muhimmanci fiye da inda ake ruwa kullum.

Me ya sa irin ciyawa ya zama haka

Gero da dawa sun shafe dubban shekaru a hannun manomi. Kowace kaka yana zaɓar zangarniyar da ta nuna gaba ɗaya, wadda ba ta zubar da ƙwaya, wadda ke tsirowa da zarar ta ji ruwa. Ciyawar daji ba ta bi ta wannan makarantar ba, kuma abin da ya raya ta a Sahel kishiyar wannan ne. Ba ta fitar da kai lokaci ɗaya. A tushe guda wani kai yana fure, wani yana ɗaukar ƙwaya, wani ya riga ya zubar. Ƙwayar da ta nuna ba ta jiran lauje, iska kaɗan ta kakkaɓe ta. Sannan ba duka ke tsirowa da ruwan farko ba, wasu sukan noƙe su jira, don idan ruwan ya yaudari na farko a samu na baya. Dabarar tsira ce a daji, amma ita ce ciwon kan mai sayar da iri da mai saye.

A gamba akwai ƙari. Kwansunan da ke jere a kanta bibbiyu suke zuwa: ɗaya a zaune jikin sanda, ɗaya a kan ɗan ƙaramin wuya. Na zaunen ne kaɗai ke iya ɗaukar ƙwaya. Na kan wuyan namiji ne, ko kuma fanko. Tun daga halitta ke nan rabin abin da ake gani a kai ba iri ba ne. Cikin na zaunen ma ba duka ke cika ba. Gamba tana bukatar garin furen wata gambar, iska ce ke kai shi, kamar yadda bununi ke yawo a gonar gero. In ruwa ya ɗauke da wuri, ko busasshiyar iskar hunturu ta sauko ana tsakiyar fure, kwanso zai yi girmansa da gashinsa daidai, cikinsa kuwa holoƙo. Ido ba ya bambance su, sai an murza.

Kyasuwa da ciyawar bafel, wato Cenchrus ciliaris, 'yar'uwar ƙarangiya da ba ta da ƙaya mai tsini, su ba su dogara da wata ba wajen ɗaukar ƙwaya, kuma 'ya'yansu sukan fito sak uwarsu. Tasu matsalar barci ne. Sabon irin bafel da aka girbe yau, ko an jiƙa shi kaɗan ne zai tsiro, domin gashin da kwanson da suka lulluɓe shi suna ɗauke da sinadaran da ke hana tsiro. Sai ya kwana wata 6 zuwa shekara a ajiye a busasshen wuri sannan yake sakin jiki, wani ma ya fi haka. Wanda bai san wannan ba zai gwada sabon iri a watan Disamba, ya ga ba komai, ya zubar da kaya mai kyau. Wani kuma zai sayi wanda aka girbe a bazara a gonar ban ruwa, ya shuka a Yuni, ya yi ta jiran gawon shanu. Ana iya sussuke kwanson a fitar da ƙwayar tsirara, tsiro ya ƙaru nan take, amma tsirarar ƙwaya ba ta daɗewa a ajiye, kuma injin da bai daidaita ba yakan fasa idon ƙwayar. In za a yi, a yi dab da shuka. Gamba ma tana da nata barcin, sai dai gajere ne, watannin rani sun ishe shi.

Ranar yanka

A nan ake yin asara mafi girma, kuma ba jahilci ne ke kawo ta ba. Gamba tana fure ne idan yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba a ƙasar Hausa, ƙwaya ta nuna daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Tsakanin lokacin da fure ya yi ƙarfi da lokacin da ya dace a yanka galibi mako 4 zuwa 6 ne, tagar yankan kanta kuwa ba ta wuce kwana 7 zuwa 10 ba. A yi gaggawa a samu ƙwaya mai ruwa-ruwa kamar madara, wadda za ta motse in ta bushe. A yi jinkiri a tarar mai kyan ta zube, saura fanko da ya maƙale.

Alamar ita ce a riƙa shiga fili kowane kwana biyu da hantsi, bayan raɓa ta bushe. A kama kai guda a ja shi a hankali cikin tafin hannu. Idan kwansuna sun fara biyo hannu ba tare da an tsige su ba, a murza a ciza ƙwayar. In ta yi ƙaras a haƙori, ta nuna. In ta lotse, da saura. A yi haka a kai 20 ko 30 daga sassa daban-daban na filin, ba a bakin hanya kaɗai ba, domin na gefe yakan riga na tsakiya. Lokacin da saman kawuna ya fara zubarwa kaɗan, kuma mafi yawan ƙwayar da aka ciza ta yi tauri, ranar ke nan.

To amma wa ke da wannan sukunin? Yawancin irin da ke kasuwa ba daga gonar iri yake fitowa ba. Mata da yara ne ke tsinto shi a daji da gefen gonaki, a wurin da ba na kowa ba. Wadda ta ce za ta jira ƙwaya ta yi tauri, kafin ta dawo wata ta riga ta, ko mai saƙar zana ya sare karan, ko garke ya bi ta kai, ko gobarar daji ta lashe. Kuma da buhu ake biyanta, ba da ƙwaya ba. Ɗanyen kai ya fi cika buhu. Duk mai hankali a matsayinta abin da zai yi ke nan. Kyasuwa ma haka: ingancinta a matsayin abincin dabba yana kafin ta yi fure sosai, don haka masu yankan ciyawa suke kwashe ta tun ba ta zubar da iri ba, ga ta kuwa 'yar shekara ɗaya ce, sai da iri take dawowa. Filin da aka yi wa haka shekaru a jere sai tafasa da garmani su gaje shi.

Maganin shi ne a keɓe fili don iri kaɗai, ko da kwatan hekta ne, a killace shi. A shuka a layi, tazarar mita guda, don a iya shiga a cire baƙin haki. A farkon damina a share tsohon kara a zuba taki. Buhu 2 na yuriya a hekta suna ba da kilo 46 na naitirojin, kuma wannan ya kan nuna a yawan kawuna. Wasu sukan sare gambar sau ɗaya a farkon damina don kada ta yi tsawon da hannu ba zai kai ba, kuma kawunan su fito kusan tare. Dabara ce mai kyau in an yi ta da wuri. In aka makara har damina ta raba tsakiya, rassan da za su ɗauki kai ne ake sarewa.

Bayan yanka da lauje, a tara kawunan a inuwa kan tamfol, tsibin kada ya wuce gwiwa, a rufe da ciyawa kwana 3 zuwa 4. Ɗan gumin da za su yi yana sa ƙwayar da ta kusa nuna ta ƙarasa, kwansuna kuma su saki da ɗan kakkaɓawa. Sai dai kullum a tura hannu tsakiyar tsibin. Ɗumi kamar na jikin mutum ba laifi. Idan ya kai hannu ba ya jimirin zama, a baje nan take, don iri yana dahuwa ne. Irin da ya dahu a tsibi kamanninsa ba sa canzawa, ko a sikeli ba a ganewa, sai a ranar gwaji.

Shanya ma da ƙa'idarta. Kwana 2 ko 3 na farko a inuwa mai iska, a baje da kaurin da bai wuce faɗin yatsu uku ba, ana juyawa. Daga nan a fitar rana ta ƙarasa. Zuba ɗanyen iri kai tsaye a kan siminti ko kwalta da tsakar rana yana kashe shi. Irin da aka share daga ƙasa kuwa kada a raina shi: shi ne wanda ya nuna da kansa ya faɗo, sau da yawa ya fi na yanka cika, har a Barazil da sharar ƙasa ake tara yawancin irin wasu ciyayin kiwo. Aibinsa yashi da irin wasu ciyayi, don haka sai an tankaɗe shi da rariya sosai.

Daga kaka zuwa damina

Tsakanin girbi da shuka wata 7 ne zuwa 8. Masana iri suna da wata ƙa'ida ta kimantawa: duk ragin kashi 1 cikin 100 na laimar iri yana ninka tsawon ransa, haka ma duk ragin digiri 5 na zafin ma'ajiya. A juya ta, sai a ga yadda asara ke zuwa. Hunturu alheri ne, iska a bushe, dare da sanyi. Irin da aka shanya da kyau yakan sauka ƙasa da kashi 10 na laima ba tare da wata na'ura ba. Haɗarin yana farawa daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, balle a shago mai rufin kwano ba silin. Sannan iskar bazara ta kawo laima, gashin irin ya tsotse ta kamar soso. Zafi da laima in suka haɗu, gamba ba ta da ƙarko. Wadda ta kwana damina guda a buhun algarara a irin wannan shago, kada a shuka ta sai an sake gwadawa.

Ɗakin ƙasa mai rufin azara ko rumbu ya fi shagon kwano. A ɗora buhu kan katako, nesa da bango, nesa da buhun taki da maganin kashe ciyawa. In an tabbata ya bushe ƙayau, a zuba a durom mai murfi ko buhu mai leda biyu a ciki a ɗaure tun kafin iskar bazara ta juyo. In ba a tabbata ba, gara buhun da ke numfashi, domin rufe iri mai laima a leda gayyatar fumfuna ce. Kowane buhu a rubuta masa suna da wurin da aka girbe da wata da shekara. Rashin wannan 'yar takarda shi ke sa a gauraya na bana da na bara a sayar da sunan sabo.

Gwajin da kowa zai iya yi

Tsinken da 'yan hatsi ke soka wa buhu ba ya aiki a nan, don irin ciyawa ba ya gangarowa. Sai an kwance baki an tura hannu: dintsi daga sama, daga tsakiya, daga can ƙasa inda yashi da tsakuwa ke taruwa. In buhunan ba su wuce 15 ba, kowanne a taɓa shi. A haɗa a cakuɗa a faranti, a raba biyu, a sake raba rabin, har a samu ɗan kaɗan.

A ɗakin gwaji abu biyu ake aunawa. Na farko tsabta: cikin nauyin samfurin, kashi nawa ne kwanso mai ƙwaya a ciki, nawa ne fanko da kara da yashi, nawa ne irin wani haki. Na biyu tsiro: a ƙirga cikakkun ƙwayoyi 400, a raba su ɗari-ɗari, a ga nawa za su fito. Sai a ninka biyun a raba da 100, abin da ya fita shi ne tsantsar iri mai rai. A ce tsabta kashi 30 ce, tsiro kashi 40: sakamako 12. Ma'ana a buhu mai kilo 10, kilo 1.2 ne kaɗai zai iya zama ciyawa. Mai sayarwa da ya ce maka "tsironsa 80 ne" bai faɗi ƙarya ba wataƙila, amma 80 na me? In tsabtar kashi 10 ce, nasa 8 ne, bai kai na mai 40 ba.

Ga wanda ba shi da madubin ƙara girma da hantsaki, akwai hanya mafi sauƙi, kuma ta fi dacewa da iri mai gashi. A nemi ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal. A auna giram 1 sau huɗu, yadda irin yake da ƙaiƙayinsa. A wanke yashin rafi, a soya shi a kasko ko a zuba masa tafasasshen ruwa don a kashe irin haki da ke ciki, a zuba a faranti huɗu masu huji a ƙasa. A baje kowane giram a farantinsa, a yayyafa yashi sama-sama, kaurin bai wuce rabin santimita ba. A ajiye a inuwa mai haske, ana fesa ruwa safe da yamma. Yashin ya kasance da danshi, ba tsamo-tsamo ba. Daga kwana na 7 a fara ƙirga, ana cire wanda aka ƙirga, har kwana 21, bafel kuwa har 28. Tsiron da ke da saiwa da ganye lafiyayyu kaɗai ake lissafawa. Wanda ya fito a murɗe ko ba saiwa, a gona ba zai rayu ba.

A ce kowane faranti ya ba da tsiro 30. Kilo guda ke nan yana da 30,000. In aka watsa kilo 10 a hekta, tsiro 30 ne a kowace murabba'in mita, a takarda. Fili ba faranti ba ne: tururuwa za ta ɗiba, wani zai nitse, wani rana ta ƙone shi. In aka yi lissafi a kan ɗaya cikin goma ne zai kafu, saura 3 a murabba'in mita, kuma ga gamba wannan ya isa, don tushenta yana faɗi. In kuwa farantin 5 ya bayar, kilo 10 ɗin nan ba za su rufe ƙasa ba, sai an ninka sau shida, ko a nemi wani irin. Haka ake kwatanta farashi ma: kuɗin kilo a raba da yawan tsiron da ke cikinsa. Buhun da ya fi araha a baki sau da yawa shi ne mafi tsada a gona, ga kuɗin mota da aka biya don ɗaukar ƙaiƙayi.

Bayan kwanakin gwaji kada a zubar da yashin. A tono waɗanda ba su fito ba a matsa da farce. Wadda ta ruɓe ko ta yi baƙi ta mutu. Wadda take da tauri, cikinta fari tas, barci take yi. A ɗakin gwaji ana tabbatar da wannan da sinadarin tetrazoliyam: a jiƙa ƙwaya, a tsaga ta, a sa a ruwan maganin, mai rai idonta ya rine ja, matacciya ta zauna fari. Cikin kwana biyu an san gaskiya. Wannan bambanci shi ke raba irin da za a ajiye a jira da wanda za a zuba wa awaki. Gwajin kuma sau biyu ake yi, lokacin saye da kuma wata guda kafin shuka.

A duba baƙin iri ma. 'Yan ƙwayoyin tafasa ko garmani ko ƙarangiya a cikin giram guda suna nufin dubbai a hekta, kuma su sun fi gamba saurin tashi. Kan da ya yi baƙin gari irin na burtuntuna, ko yake danƙo kamar an shafa masa zuma, cuta ce, a ware shi tun a fili.

Asalin iri

Iri yana iya cika, ya tsiro da kyau, amma ya zama ba na wurin ba ne. Gambar kowane yanki ta daidaita furenta da lokacin ɗaukewar ruwan yankin, kamar yadda dawar kudu ke ƙin nuna in an kai ta arewa. Zariya tana samun ruwa wajen milimita 1,000 a shekara, Maraɗi wajen 500, Tawa ba ta cika kai 400 ba. Gambar da aka ɗebo daga inda damina ke kaiwa Oktoba, in aka shuka ta inda ruwa ke ɗaukewa a tsakiyar Satumba, za ta yi ganye, amma lokacin da za ta yi fure ƙasa ta bushe. Ba za ta zubar da irin da zai sabunta filin ba. Gara a nemo daga wuri mai ruwa daidai da naka ko ƙasa da shi. Haka irin da ke zuwa a gwangwani ko leda daga waje da tambarin jure fari: a tambaya, farin ina? Ciyawar Rodis da dangin Brakiyariya suna da kyau inda ruwa ya kai milimita 700 zuwa sama ko a fadama, amma ba na jigawar Damagaram ba ne. Bafel tana iya rayuwa da milimita 300 zuwa 400, sai dai ba ta son ƙasa mai kwanciyar ruwa, kuma tsironta yana jin ƙarancin fosfaras, wanda shi ne ciwon yawancin jigawarmu.

Abin mamaki, gambar da ta fi shahara a duniya daga Shika ta fito, kusa da Zariya, inda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI take. An kai ta Kolombiya a 1973, a 1980 aka fitar da ita ga manoma da sunan Carimagua 1, Barazil kuma ta sa mata Planaltina, aka gina sana'ar iri a kanta da injinan cire gashi da takardar shaida. A arewacin Ostareliya kuwa gamba ta fi ƙarfin masu ita, ta mamaye daji tana haddasa gobara mai tsanani, har a 2012 aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa. A gidanta na asali har yanzu da mudu da buhu ake cinikinta, ba takarda. Dokar iri ta ECOWAS ta 2008 da dokar hukumar iri ta Nijeriya ta 2019 suna nan, amma ƙarfin aikin tantancewa yana kan masara da shinkafa da dawa da wake. Mai sayen irin ciyawa, shi ne sufeton kansa.

Wannan ya fi shafar masu saye da yawa, ƙungiyoyi da ayyukan farfaɗo da ƙasa. Kwangilar da aka rubuta da "kilo kaza na irin gamba" cinikin biri a sama ne. A rubuta ta da yawan tsiro a giram, a yi odar tun Satumba don masu tsinta su san za a biya su ƙarin kuɗi in sun jira ƙwaya ta nuna, a karɓi kaya a Disamba a ajiye da kyau. Odar da aka bayar a Mayu, ana gobe shuka, duk abin da ya rage a shaguna shi za a kawo.

A fili

Iri mai kyau ma ana iya kashe shi da hannu. Zurfi shi ne na farko: bafel kada ta wuce santimita 1, gamba 1 zuwa 2. Wanda ya binne su kamar masara ya yi musu kabari. Watsawa a kan fako ba tare da an farfasa ƙasa ba kuwa, iska ce za ta kwashe, abin da ya rage tururuwa ta yi layi ta kai rami. A kusa da gidan tururuwa za ka ga tsibin farin gashin da ta cire ta yar. Don haka a kauce wa shukar binne da dogon jira. A bari damina ta zauna, a samu ruwa mai jiƙa ƙasa kamar milimita 25 zuwa 30 tare da alamar wani na tafe, domin ƙwayar tana son saman ƙasa ya zauna da danshi kwana 4 ko 5 a jere. A gauraya irin da yashi mai ɗan danshi ko busasshen taki da aka tankaɗe don ya rabu, a zuba a layi, a ja ƙaya ko reshe a kai, sannan a taka da ƙafa. Takawar nan ita ke haɗa ƙwaya da ƙasa, gashinta kuwa ɗaga ta yake yi sama. A ramin rabin wata kada a zuba a can ƙasan inda ruwa ke kwanciya da laka. A sa a jikin gangaren da gindin kunyar. Garin maganin iri da ake sa wa gero yana rage ɓarnar tururuwa, a sa safar hannu wajen cakuɗawa.

Shekarar farko ba ta kiwo ba ce. Gamba tana tashi a hankali, kuma akuya tana tumɓuke tsiron da saiwarsa. A bar ta ta yi kai ta zubar da iri sau ɗaya tukuna.

Inda gwaji ya nuna irin ba shi da kirki kuma lokaci ya ƙure, ƙaramin fili ba sai da iri ba. A tono tsohon tushen gamba a tsakiyar damina, a tsattsaga shi, kowane yanki da rassa 3 ko 4 da saiwarsu, a datse ganyen ya rage kamar taƙi guda, a dasa a ranar da aka tono, tazarar mita ɗaya ko ƙasa da haka, da yamma bayan ruwa. Hekta guda a tazarar mita tana cin yanki 10,000, aiki ne mai yawa, shi ya sa ya fi dacewa da iyakar gona da kunyoyin tare ruwa da kuma filin da ake son mayarwa gonar iri. A tono daga tushe daban-daban, ko 30 ko 40, ba daga biyu ko uku ba, domin gambar da duk uwa ɗaya ta haifa ba ta cika ɗaukar ƙwaya sosai.